TARIHI: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, basaraken da ya zauna ya rubuta littafi a kan ganyen filasko

A cikin rubuce-rubuce fiye da 100 da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bari, akwai wani ɗan ƙaramin littafi na Larabci mai suna Al-Ƙaulus Sana, wanda bai shafi yaƙi ko sarauta ko rabon gado ba. Gaba ɗayansa a kan tsiro guda ne, wanda Larabawa ke kira sana, ɗan'uwan abin da Bahaushe ya sani da filasko. Mai littafin shi ne mutumin da ya riƙe daula mafi girma a Afirka ta Yamma na tsawon shekara 20, daga 1817 zuwa 1837, kuma tsakanin fita yaƙi da amsa wasiƙun sarakuna ya sami sararin rubuta wasu littattafan a kan basir, da ciwon ido, da tsutsar ciki, da ciwon ƙoda.

A Bunguɗu da Gusau da Tsafe ba da wannan fuskar aka fi tuna shi ba. An fi tuna shi a matsayin ɗan Shehu, kuma jagoran rundunar da ta auka wa 'Yandoto. Sai dai duk ranar kasuwa a waɗannan garuruwa masu magani na baza filasko da saiwar rawaya da sassaƙen maɗaci a kan buhu, kuma cikin masu tsugunawa gabansu akwai waɗanda idanunsu suka yi ruwan ɗorawa, suna neman maganin shawara ko na ciwon hanta. Da yawan abin da ake faɗa musu game da zafi da sanyi da wankin ciki ya samo asali daga irin ilimin da Bello ya karanta, ya taƙaita, ya kuma yaɗa.

Daga Degel zuwa ƙasar Zamfara

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1781. Mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin gidan da karatu ya zama sana'a, ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi, da yayansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malaman jama'ar Shehu. A tsarin karatun wancan zamani ɗibbu, wato ilimin magani, fanni ne da malami kan leƙa bayan ya ƙoshi da fiƙihu da nahawu da hadisi, domin a ƙauye malamin da ke raba gardama shi ne kuma ake kai wa marar lafiya.

Yana ɗan shekara 22 aka yi hijira zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'ar Shehu suka yi rinjaye a kan Sarkin Gobir Yunfa. Kafin shekarar ta ƙare aka juya musu a Tsuntsuwa, inda suka rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Abin da ya biyo baya shi ne yunwa. Neman abinci ne ya sa jama'ar ta gangaro ƙasar Zamfara ta zauna a Sabon Gari a 1805, kuma neman abincin ne ya ɓata tsakaninta da Zamfarawa, waɗanda da farko suka karɓe ta saboda tsohuwar gabar da ke tsakaninsu da Gobirawa. Baƙon da ke ɗibar hatsi daga rumbun mai gida ba ya daɗewa yana baƙo. Daga nan aka koma Gwandu, aka sha wuya a Alwasa, rashin lafiya kuma ya bi bayan yunwar. Duk wannan a gaban idon Bello aka yi shi. Wanda ya ga yadda ciwo ke cinye rundunar da takobi bai gama da ita ba, ba abin mamaki ba ne ya riƙa ɗaukar magani a matsayin sha'anin mulki.

A ƙasar Zamfara ɗin ne, a Birnin Gada, ya sadu da shugabannin jama'a na gabas ya karɓi mubaya'arsu a madadin Shehu. A nan kuma aka yi abin da har yau ba a gama muhawara a kansa ba. 'Yandoto, kusa da Tsafe ta yanzu, tsohuwar cibiyar malamai ce da ta girmi jihadin da ƙarnoni, kuma akasarin malamanta ba su amsa kiran Shehu ba. Bello ya nemi a zauna a yi muƙabala, suka ƙi, ya ci garin da yaƙi. Daga baya Shehun Barno Muhammadul Amin Alkanemi ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, Bello bai musa cewa hakan ta taɓa faruwa ba. Ya ba da labarin yadda ya ga takardu iska na watsa su bayan an ci wani gari, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ya kuma ɗora laifin a kan jahilan cikin runduna masu rigimar ganima. Masana tarihi da dama na ganin 'Yandoto yake nufi. Ko ma mene ne, ɗakunan karatu na garin da ya fi kowane gari a yankin malamai sun watse a hannun rundunar mutumin da ya fi kowa a zamaninsa son littafi, kuma amsar da ya bayar ba ta dawo da ko warƙa ɗaya ba.

Garuruwan yankin sun ɗauki siffarsu ta yanzu ne daga wannan hargitsi. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya kafa Gusau wajen 1811. Sarautar 'Yandoto ta ƙare a Tsafe. Bunguɗu ta zauna ƙarƙashin Sarkin Fulani, cikin jerin garuruwan da ke tsare wa Sakkwato gabas.

Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoban 1808, Bello ya fara gina Sakkwato a 1809, kuma da aka raba aikin tafiyar da daula a 1812 gabas ta faɗo hannunsa, yamma ta tafi ga Malam Abdullahi. Shehu ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Bai ji daɗin farkon mulkinsa ba. Malam Abdussalami ya yi tawaye a Kware, sassan Zamfara da Kabi da Gobir suka juya baya, tsakaninsa da Malam Abdullahi kuma aka yi 'yan shekaru ana sanyin jiki kafin su shirya a Kalambaina. Masu tarihin Sakkwato sun ƙidaya masa yaƙi 47.

Likita a kowane gari

Ra'ayinsa game da lafiyar jama'a ya fito fili a cikin Usulus Siyasa, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A ciki ya lissafa masu sana'ar da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya umarci sarki ya kula da su ya kuma rarraba su gari-gari: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, da masu magani. Wato a wurinsa samar da mai magani a ƙauye nauyi ne a wuyan hukuma, daidai da gina ganuwa da gyaran kasuwa. Duk wanda ya san halin da ƙananan asibitocin karkarar Zamfara ke ciki a yau, inda rashin tsaro ya kori ma'aikata daga wurare da dama, zai ji nauyin wannan nasiha da aka rubuta shekara 200 da suka wuce.

Littattafansa na ɗibbu iri biyu ne. Akwai na gaba ɗaya, irin su Al-Mawaridun Nabawiyya, da Ujalatur Rakib, da Talkhisul Maƙasid. Akwai kuma waɗanda ya keɓe wa ciwo guda: Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, Masugul Lujaini a kan ido, Tanbihul Ikhwan a kan tsutsar ciki, da wata risala a kan ciwon ƙoda. Zaɓin ciwace-ciwacen kansa na nuna cewa yana kallon jama'ar da ke gabansa ne, domin su ne abubuwan da ke damun mahayin doki, da mai karatu da hasken wutar kara, da mai shan ruwan tafki.

Ba shi kaɗai ba ne. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. A nan ƙasar Zamfara, Malam Muhammadu Tukur na Matuzgi ya yi rubutu a kan waraka ta hanyar addu'a da sunayen Allah. Amma Bello ne ya fi su yawan rubutu a fannin, kuma shi ne ya fi karkata ga tsirrai.

Ya kamata a faɗi iyakar aikin nasa, domin masu yabo kan wuce gona da iri. Bello bai buɗe ɗakin gwaje-gwaje ba, kuma bai yi da'awar ya gano sabon magani ba. Abin da ya yi shi ne tattara abin da ke cikin hadisai da littattafan likitocin Larabawa, ya tace, ya taƙaita, ya miƙa wa malamai da sarakuna a siffar da za su iya aiki da ita. Masanin tarihi Isma'il Abdalla, wanda ya yi nazarin waɗannan rubuce-rubuce ya fitar da littafi a kansu a 1997, ya nuna cewa shugabannin jihadi sun fi jingina ga ɗibbun Annabi fiye da zurfafan littattafan su Ibn Sina da Razi. Akwai kuma manufa ta addini a ciki. Kafin jihadi, bori da bokaye ne ke riƙe da babban kaso na harkar warkarwa a ƙasar Hausa. Wanda ya hana mutane zuwa wurin boka dole ya nuna musu inda za su je, kuma littattafan ɗibbun na cikin amsar da Sakkwato ta bayar.

Abin da ya haɗa filasko da hanta

Wanda ya san filasko a matsayin maganin wankin ciki kawai zai yi mamakin me ya haɗa shi da hanta. Amsar tana cikin yadda likitocin da Bello ya karanta suka fahimci jiki. Tun daga Jalinus na Yunanawa har zuwa Ibn Sina, an ɗauka cewa abinci na dahuwa a tumbi, sannan ya wuce hanta a sake dafa shi, daga nan ruwaye huɗu su fito: jini, da majina, da safra'u mai ruwan ɗorawa, da sauda'u mai duhu. Lafiya ita ce daidaituwarsu. Idan safra'u ta yi yawa ta malala cikin jini, ido da fata su canja launi, abin da Larabawa ke kira yarƙan, Hausawa kuma shawara. A wannan fahimta maganin a bayyane yake, wato a fitar da rarar ta hanyar gudawa. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya bayyana sana a cikin Zadul Ma'ad a matsayin mai fitar da safra'u da sauda'u, kuma mai sauƙin illa. Tushen darajarta a wurin malamai shi ne hadisin Asma'u bint Umais da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya nuna mata zafin wani tsiro mai suna shubrum da take wanke ciki da shi, ya kuma yaba sana da ta koma gare ta.

Kimiyyar zamani ta tabbatar da rabin maganar. A 1941 masanin harhaɗa sinadarai Arthur Stoll da abokan aikinsa a Suwizalan suka ware sinadaran da ke aiki a ganyen, aka sa musu suna senosaid. Ba sa narkewa a tumbi. Sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can suke farfasa su, abin da ya fito ya motsa hanjin ya kuma tara ruwa a cikinsa, shi ya sa wanda ya sha da dare yake ganin aiki da safe. Har yau sana tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, a matsayin maganin taurin bayan gida na ɗan lokaci.

Ɗaya rabin kuwa bai tsaya ba. Hanta ba ta tara wani datti da gudawa za ta kwashe. Launin shawara na zuwa ne daga wani sinadari da ke fita idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, wanda aikin hanta ne ta sarrafa shi ta tura shi matsarmama. Yana taruwa idan jini na fashewa da yawa, kamar a zazzaɓin cizon sauro ko sikila, ko idan hantar ta kumbura, ko idan hanyar matsarmama ta toshe. Kalma ɗaya ce ta rufe ciwace-ciwace da dama, wasu na warkewa da kansu cikin makonni, wasu kuma na kisa. Wannan ne ya sa kusan kowane maganin shawara ke da shaidu masu rantsuwa da shi, domin wanda jikinsa ya warkar da kansa jiƙon da ya sha zai yaba wa. Likitoci a Turai sun kuma ba da rahoton mutanen da hantarsu ta kumbura saboda sun daɗe suna shan sana fiye da ƙima.

Akwai ɗan'uwan filasko da ya fi wannan haɗari, wato majamfari, wanda wasu ke kira rai-ɗore ko sanga-sanga, mai fitowa a juji da bakin hanya a duk faɗin ƙasar Hausa. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara na mutuwa duk kaka da wani ciwo da aka ɗauka na ƙwaƙwalwa ne, sai a 2007 binciken likitocin yara ya danganta shi da cin 'ya'yan wannan tsiro, waɗanda ke lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Dangi ɗaya, ganye mai kama da juna, ɗaya a kantin magani, ɗaya a jerin guba. A nan ne ake ganin hikimar keɓe littafi guda ga tsiro guda, a faɗi ko wane ne shi kafin a faɗi amfaninsa.

Tsiron da ya fi filasko suna a maganin shawara a kasuwannin Gusau da Bunguɗu shi ne rawaya, mai fitar da fure ruwan ɗorawa dab da ƙasa bayan gobarar daji ta wuce, wanda masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium. Saiwarsa ake dakawa, kuma da ita ake rini da gyara launin abinci. Ba wuya a ga dalilin da ya sa magabata suka haɗa saiwa mai wannan launi da ciwo mai wannan launi. Abin sha'awa shi ne da aka gwada ta ba ta ba da kunya ba. A 1987 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna ruwan saiwar na kare ƙwayoyin hantar ɓera daga guba, aka kuma danganta hakan da sinadaran tanin da ke cikinta, dangin abin da ke sa bagaruwa ɗauri a baki. A Mali hukumar kula da magungunan gargajiya ta ɗauki geza, wadda can ake kira kinkeliba, ta auna ta, ta ƙulla ta a ƙananan ƙunshi da sunan Hepatisane.

Sai dai tsakanin ɓera da mutum akwai tafiya. Misali mafi girma shi ne silimarin, sinadarin da aka ware a Jamus a 1968 daga 'ya'yan wata ƙaya ta ƙasashen Bahar Rum, wanda ya fi kowane maganin hanta na tsiro shan bincike a duniya. A ɗakin gwaji yana kare ƙwayoyin hanta sosai, kuma a Turai ana ba da wani nau'insa ta jijiya ga wanda ya ci laimar kwaɗi mai guba. Amma da aka yi babban gwaji a Amurka a kan masu ciwon hanta nau'in C, wanda aka wallafa a 2012, bai fi maganin bogi tasiri ba. Idan haka ta faru da wanda aka yi shekara 40 ana bincikensa, to rawaya da geza da aduwa da zogale na da sauran jarrabawa a gabansu, kuma mai cewa jarkarsa na kashe ƙwayar cutar hanta cikin mako biyu yana faɗin abin da ba wanda ya tabbatar.

Maganar ba ƙarama ba ce. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Akasarinsu ba su sani ba, domin takan yi shekaru ba ta nuna alama, sai hanta ta ƙanƙance ko sankara ta kama ta. A yankin da gyaɗa da masara ke cikin abincin kullum akwai ƙarin haɗari daga aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a amfanin gonar da ba a busar da kyau ba, wadda idan ta haɗu da ƙwayar cutar take ninka yiwuwar sankarar hanta. Tun 2004 allurar rigakafin nau'in B ke cikin alluran yara a Najeriya, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, saboda jariri 9 cikin 10 da suka kamu a lokacin haihuwa suna zama da cutar har girma. Inda mata suka fi haihuwa a gida, wannan awa 24 ɗin ita ce ke wucewa. Masu sayar da jiƙo a bayan mota da lasifika, waɗanda da yawansu ke jingina hajarsu ga maganin Musulunci, ba sa faɗin wannan, kamar yadda ba sa faɗin abin da ke cikin jarkar ko adadin da ya kamata a sha.

Baƙo daga Ingila

Shaida mafi ƙarfi a kan yadda Bello ya ɗauki ilimin magani ta fito ne daga wani baƙo. Kyaftin Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, bayan abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya mutu a hanya kusa da Katagum. Ya sami sarki mai yawan tambaya, wanda ya san taurari da sunayensu na Larabci, ya san ƙungiyoyin Kiristocin farko, ya kuma san abin da Ingila ta yi a Indiya. A zaman nasa ne agana ta kashe wani ɗan Waziri Giɗaɗo, abin da ke nuna cewa ciwon bai bar gidan manya ba. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a turo masa wakili da likita su zauna a ƙasarsa. Ita Ingila abin da take so shi ne hanyar ciniki da daina sayar da bayi zuwa bakin teku, a daular da gonakinta da garuruwan ribaɗinta suka dogara ƙwarai da aikin bayi.

An turo likitocin, amma ba wanda ya iso. Dakta Morison ya mutu a ƙasar Yarabawa a ƙarshen 1825, Dakta Dickson kuma ya bi ta Dahomey ya ɓace. Clapperton ya riski Bello a 1826 da kyautar littattafan Larabci, cikinsu har da na Ibn Sina da na lissafin Iƙlidis. Ya rubuta cewa ya taɓa shiga ya tarar da sarkin zaune da littafin Iƙlidis a gabansa, inda ya shaida masa cewa gidansu na da kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Wannan karon zaman bai yi daɗi ba. Sakkwato na yaƙi da Barno, Clapperton kuma na ɗauke da wasiƙa da kaya zuwa ga Alkanemi, Bello ya hana shi wucewa ya karɓe kayan. Baƙon ya kwanta ciwo, atuni ya ci ƙarfinsa, ya mutu ranar 13 ga Afrilu, 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin.

Sai bayan kusan shekara 90 aka sami likitan Turawa da ya zauna ya bi tsirran ƙasar Hausa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne John Dalziel, ɗan Sikotilan, wanda ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Itacen hano ma da sunansa masana ke kiransa yau, Boswellia dalzielii. Masu binciken magunguna a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano sun fi ambaton Dalziel fiye da Bello, kuma dalilin a fili yake. Na Dalziel an buga shi da Turanci. Na Bello akasarinsu na nan da rubutun hannu a wurare irin su Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da akwatunan gidajen malamai. Mai karanta su ba ya shiga ɗakin gwaji, mai shiga ɗakin gwaji kuma ba ya karanta su.

Shekarun Wurno

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina arewa maso gabas da Sakkwato don fuskantar Gobir. Manufarsa ita ce a zaunar da makiyaya a garuruwa masu ganuwa, a koya musu noma da sana'a, a sa malami da alƙali a kowanne. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce ba ya ci daga baitulmali, daga abin da hannunsa ya samar yake ciyar da kansa. A waɗannan shekaru ne Alhaji Umaru Futi ya zauna a wurinsa a hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya auri 'yarsa, kafin ya koma yamma ya kafa tasa daular.

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa kai, Bello ya fita da kansa, aka haɗu a Gawakuke. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk sun faɗi a filin. Shi ne babban yaƙinsa na ƙarshe. A shekara mai zuwa ya kwanta jinya mai tsawo, ya rasu a Wurno ranar 25 ga Rajab, 1253, wato ƙarshen Oktoban 1837, a can kuma kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta yi shekaru tana aiki tare da shi a kan littattafai, ta yi masa marsiyya. A 1839 kuma ta kammala nata littafin na waraka, Tabshirul Ikhwan, a kan neman lafiya da surorin Alƙur'ani, inda ta kula da abubuwan da suka fi damun mata, irin su ciki da haihuwa da lafiyar yara.